Ƙunshin Inna Zulaihatu

Kafin rana ta yi zafi, Inna Zulaihatu ta riga ta fito daga gidanta a Bodinga, faifan kayan koli a ka: kwalli, zare, allura, man shafawa. A hammatarta kuma akwai wani ƙunshi ɗaure da tsohon zane, wanda ba ta rabuwa da shi. Yau tana unguwannin Bodinga, gobe ta shiga mota zuwa Shagari, wani jin har Kajiji a bayan mashin. Haka take tun ba ta da furfura ko ɗaya, ga shi yanzu gwiwoyi sun gaji, ta ce bana za ta ajiye.

Kayan kolin nan hujjar shiga gida ce kawai. Littattafai ne a cikin ƙunshin, na labari da na addini da na kiwon lafiya, kuma aro take bayarwa. Sharaɗinta ɗaya ne: ba ta ba mace sabo sai ta zauna ta faɗa mata abin da take karantawa, inda ta kai, da abin da ya ba ta haushi. In matar ta yarda, sai Inna ta kai labarin gida na gaba. "Rashida ta Shagari ta gama wanga, ta ce ƙarshen bai gamshe ta ba. Duba shi mu ji naki." Ta haka matan da ba su taɓa haɗa ido ba suka san abin da ke hannun juna, har suna musu ta bakinta.

Maza kuwa ba abin da suke gani sai wata mata da ta shiga gida, ta daɗe, ta fito da faifai a cike yadda ta shiga da shi, amma ƙunshi ya canja girma. Masu zaman ƙofar gida, Allah ya ba su aikin yi, suka ɗauki lamarin da hannu biyu. Wannan ya ce saƙon zawarawa take kaiwa, wancan ya ce asiri ne, wani ya rantse hatsin gida take saye a ɓoye wurin mata. Duk tana ji, sai ta gaishe su ta wuce.

Ana haka Lukman, wani manomin albasa a Shagari, ya ga geron rumbunsa ya ja baya. Inna na fitowa daga wurin matarsa Hussaina, ya tare ta a zaure.

"Inna, kwance wanga ƙunshi mu ga mi kika ɗauko."

"Ba ni kwance shi, Lukman."

Inna ta san abin da ke sama a ƙunshin. Littafi ne kan wata lalurar mata ta bayan haihuwa, sunansa ɓaro-ɓaro a bango, kuma Lukman ya iya karatu. Hussaina ce ta maido shi yanzun nan. Lalurar na damunta, kunya ta hana ta faɗa wa ko mijinta, ta kuma roƙi Inna da Allah kada kowa ya san ta karanta shi.

Mutane suka cika ƙofar gida, aka kira mai unguwa. Ya ce wa Inna zaɓi biyu ne: ko ta kwance a gaban jama'a, ko ƙafarta ta bar unguwar.

"Ranka shi daɗe," in ji ta, "abin da ke ciki amanar wata ce. Tun da anka ce in zaɓa, na zaɓi tafiya."

Ta gyara faifai a ka, ta ratsa mutane ana ce mata ɓarauniya. Waɗanda suka gani sun ce sai da ta kai tasha ta share hawaye. Damina guda ta wuce ba ta taka unguwar ba, maganar kuma ta riga ta zuwa Bodinga, har wasu gidajen can suka daina amsa sallamarta.

Hussaina ta samu ƙarfin zuwa asibiti, ta warke, sannan da bakinta ta faɗa wa mijinta komai. Ita ce ma ta yarda a ba da wannan labari. Lukman ya je wurin mai unguwa kansa a ƙasa, aka aika wa Inna ta dawo. Inda geron ya tafi kuwa, har yau ba a sani ba, kuma har yau akwai masu bin ƙunshin da ido in ta wuce.

Inna Zulaihatu, ke ce kika yarda a ɓata sunanki don kada asirin wata ya tonu. Ke ce mai tambayar mata abin da suke karantawa, alhali ba wanda ya taɓa tambayarsu ko abin da suke tunani. Mun gode, Allah ya saka miki, ya sa ki huta lafiya.

Da aka ji Inna za ta ajiye, mace ɗaya ce ta nemi a ba ta faifan da ƙunshin: Hussaina. Ta nemi izinin mijinta a gaban Inna. Lukman ya ce, "Na yarda. Amma ki ɗaure shi da kyau, ko ni nac ce ki kwance, kada ki kwance."

Shagari ta samu tata. Saura Bodinga da maƙwabtanta Danchadi da Sifawa, inda mata da yawa suka gama littafi suna jiran mai tambayarsu. Duk wadda za ta ɗauka ta sani za a zarge ta, kuma Inna ba ta taɓa cewa abin ba ya ciwo ba.