Hoton Inna da Ba a Wanke Ba

Kawuna ya sa na ɗauki hoton mahaifiyata da kyamarar da babu fim a cikinta. Shi ya sani. Ni ban sani ba, ita ma ba ta sani ba har ta koma ga Allah.

Idon kyamarar yana wurina har yau, wato gilashin nan na gaba mai kama da ƙaramin gwangwani. Duk ranar da na buɗe akwatina na gan shi, sai ƙanshin shagon nan na Kankia ya dawo mini: tsohon labule, da man da samari ke shafawa a ka kafin su zauna.

Bayan rasuwar mahaifina, Inna ta kawo ni daga Bauranya wurin yayanta mai hoto don ya sa ni makaranta. Bai sa ni ba. Ban daɗe da zuwa ba kyamararsa ta faɗo daga babur, bakin da ke riƙe idon ya karye. Ba shi da wata. Sai ya ce in riƙe masa idon da hannu a gaban ramin, mu naɗe wurin da baƙin ƙyalle kada haske ya shiga, shi ya leƙa ya danna. "Matso gaba. Karkata. Tsaya nan, kada ka yi numfashi."

Hotunan farko sun lalace. Daga baya hannuna ya gane. In na ɗan karkata idon, idanun mutum da hancinsa sai su fito tar, kunnuwansa da labulen baya su narke kamar man shanu a rana. Wani lokaci haske ya sato hanya ta gefen ƙyallen, ya bar ja a kusurwa. Mutane suka so abin. Samarin Fulani na wajen Kafinsoli sukan zo ranar kasuwa da sandunansu, su ce irin hoton mafarkin nan suke so. Kawu ya samu halin gyara kyamarar, ya ƙi. Makaranta kuwa kullum sai baɗi.

Wata bazara Inna ta zo. Ta rame, tana tari. Ta kwance mini ƙuli-ƙuli daga bakin zane, ta dubi Kawu ta ce, "Yaya, a ɗauke ni, yaron nan ya samu abin dubawa."

Ya yi dariya. "Ke da ko madubi ba ki so?"

Ya miƙo mini kyamarar da idon duka, ya ce yau ni zan leƙa, ni zan danna. Ban taɓa leƙawa ba sai ran nan. Na ɗauka girma ya ba ni.

Ta zauna a benci, ta gyara kallabi. Na tura idon gaba, na dawo da shi, na karkata. Sai ga ta. Tsagar kumatunta, da ɗan tabon da ke ƙarƙashin idonta na hagu, komai tar, sauran duniya ta narke a bayanta. Ta ce, "Ka gama, ko a nan zan tsufa?" Na danna.

Ta rasu kafin a yanke gero. Da aka share makoki na tambayi hoton. Kawu ya ce fim ɗin yana Katsina wurin wanki. Na sake tambaya, ya ce an kai Kano. Da damina ta zagayo ya ce injin ya lalace, in yi haƙuri. Na yi.

Rannan wani tsoho ɗan uwanmu ya zo daga ƙauyen Boko, ya ce a ɗauke shi. Na san fim ya ƙare tun safe, a gabana aka cire na ƙarshe. Amma Kawu ya zaunar da shi, ya sa na riƙe idon, ya danna, ya ce ya dawo bayan Sallah. Da tsohon ya fita na ce, "Kawu, ai babu fim."

Ya ce, "Dangi ba su biya. Mi zai sa in ƙona masu fim? Ya ji ƙarar, ransa ya yi fari."

Na ce, "Inna fa?"

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da goge bencin. Can ya ce, "Wa ya san za ta mutu?"

A nan na gane dalilin da ya bar ni na danna ranar. Babu abin da zan ɓata.

Washegari na ɗauki idon na fita, ban koma ba. Da Kawu ya rasu na je aka yi masa salla da ni, na juyo ban zauna ba.

Yanzu kowane yaro yana da waya. Ya taɓa ta da yatsa, fuska ta fito, baya ya narke, abin da muke yi da hannu da riƙe numfashi. 'Yata ta ɗauke ni fiye da yadda zan iya tunawa. Takan ce, "Baba, da wa kaka ta yi kama?" Tabon nan nake gani har yau. Sauran fuskar ta narke.

Ina Kusada, ina facin taya a bakin hanya. Idon yana cikin akwati, a naɗe da baƙin ƙyallen.