Mato Gyartai da Ƙofar Motar Masu Allura

Duk wanda ya ci kasuwar Belbeji a shekarun farko bayan samun 'yancin kai ya san Mato gyartai, ko da kuwa bai taɓa fasa ƙwarya ba. Gindin wata aduwa yake zama, bayan masu sayar da nono, da basillarsa da zaren saiwar goriba da tulin fasassun ƙoren mutane a gefe. Siriri ne, ba shi da hayaniya, ga nawa kamar an aiko shi musamman ya ƙure haƙurin jama'a. Mace ta kawo masa ƙwarya da hantsi, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya kai kunne, can ya ɗago ya ce, "Sai gobe." Gobe ta dawo, ya ce saura kaɗan. Matan Fulani sun zage shi da Fulatanci, na Buzaye sun zage shi da nasu harshen, matarsa Zalika kuwa da Hausa tsantsa take yi masa nata a gida. Amma ba wadda ta fasa kawo masa aiki, don inda Mato ya ɗinke ko ɗigon nono ba ya fita.

Gyartancin gado ne, wurin ubansa ya koya. Sai dai yana saurayi ya taɓa yin zuciya ya tafi Damagaram, ya yi rani huɗu a garajin wani mai fentin motoci. Aikinsa a can guda ɗaya ne tak, gugar jikin mota da jiƙaƙƙiyar takarda mai yashi, tun safe har la'asar, har fatar yatsunsa ta saɓule. Ko sau ɗaya maigidan bai miƙa masa buroshi ya riƙe ba. Kallo kawai yake yi, amma fa kallon Mato ba irin na kowa ba ne. Da idon ubansa ya mutu ya dawo gida, ya zauna gindin aduwar nan, bai ƙara tayar da zancen birni ba. Zalika ce ke tayarwa in ranta ya ɓaci. "Rani huɗu a Damagaram," in ji ta, "mutum ya dawo da iya shafa tsumma!"

To, shekara huɗu ko biyar bayan 'yancin kai, masu yi wa shanu allurar rigakafin cutar bushiya suka shigo kwarin Tarka da motarsu, wata koriya mai buɗaɗɗen baya. Ka'idar aikinsu, duk saniyar da aka yi wa allura sai a ɗan huda kunnenta da wani ƙarfe, don a gane ta baɗi. Makiyaya da yawa sun yi gunaguni suka haƙura, don sun san abin da bushiya ke yi wa garke. Amma akwai wani tsoho, Baffa Jibrin, Bafulatani mai shekara saba'in da ɗoriya, wanda shanunsa ke ɗauke da tsagar kunnen gidansu tun daga kakansa. Ƙarfen masu allura ya sauka daidai kan tsagar, ya cinye ta, a saniya bayan saniya. Tsoho ya tsaya yana kallo har aka gama. Sannan ya taka a hankali zuwa inda motar ke tsaye bakin rijiya, ya zare wuƙarsa, ya ja layi biyu dogaye a ƙofar direba, ya gitta na uku a kansu. Shaidar gidansu ke nan. Wuƙar ta ratsa fenti har farin ƙarfe ya bayyana.

"Kun sa wa dabbobina shaidarku," in ji shi, "na sa wa taku tawa. Mun yi daidai." Ya mayar da wuƙa kube ya koma wurin shanunsa.

Masu allurar suna can cikin garke, ba su gani ba, kuma washegari suka hau raƙuma suka yi arewa inda rairayi ba ya barin mota ta wuce. Aka bar motar a Belbeji hannun direbanta, Idrisa, mutumin Tanut. Shi dai ya so ya rufe maganar, amma ina! Bakin rijiya aka yi abin. Kafin kwana biyu labari ya bi wata babbar mota ya isa Tanut, har kunnen babban likitan dabbobi. Ya aiko cewa ran Alhamis yana tafe da gardi biyu, wato dogaran gwamnati, zai ga ɓarnar da idonsa, wanda ya taɓa kayan gwamnati kuma gidan kaso zai kwana. 'Ya'yan tsoho suka roƙe shi ya kora shanu ya yi nisa. Ya ce shi bai yi sata ba balle ya gudu. Ga shi da tari mai tsanani tun damina, kowa ya san in aka kulle shi a ɗaki mara iska, gawarsa za a ba su.

Ran Asabar Idrisa ya zo gindin aduwa ya tsuguna. Ya ce, "Malam Mato, an ce ka taɓa aiki a garaji. Don Allah zo ka duba wani abu. In mushe likita ya zo bai ga komai a ƙofar nan ba, ba shi da abin kama mutum a kai."

Mato ya san Baffa Jibrin, shekara ashirin yana ɗinke wa gidansa ƙore. Ya ajiye basilla ya bi direba. Ya daɗe tsugune gaban ƙofar, yana bin layin da farcensa, yana karkata kai yana duban ta ta gefe. Idrisa ya matsu ya ce, "Yaya, za ta yiwu?"

"Akwai fenti?"

"Akwai ragowar gwangwani a ƙarƙashin kujera. In ka ce, yanzu na shafe wurin."

"Kada ka soma," in ji Mato. "In ka shafe, makaho ma sai ya gani. Rami ne, cika shi ake yi."

Aka turo motar bayan gidan Mato, ya kewaye ta da zana saboda iska da awaki. Ya wanke ƙofar da sabulu, ya bi ramin da ƙayar aduwa yana fitar da ƙasa da tsatsar da ta fara kamawa. Gefen yankan, inda fenti ya tattare ya yi kaifi, ya lallaɓa shi da wani tsingaro da ya goge a kan dutse har ya yi sumul, yana tsoma shi a ruwa. Wannan kaɗai ya cinye masa wuni guda. Da ya buɗe gwangwani kuma sai ga wata matsala. Fentin ciki kore ne shar, na jikin mota kuwa rana ta dafa shi shekara uku, ya koɗe. Mato ya je wurin mai yi wa akwatunan amare ado ya samo ɗan farin fenti, ya tankaɗe jar ƙasa da kallabin Zalika, ya zauna yana haɗawa a gindin wani tsohon kwano. Ya ɗiga, ya shanya, ya kai jikin mota ya gwada, ya girgiza kai. Sai a haɗi na tara ya ce, "Yawwa."

Buroshinsa gashin zabo ne guda ɗaya, ya fiƙe bakinsa. Ya tsinka fentin da kananzir, ya riƙa ɗiga shi cikin ramin kaɗan-kaɗan, ba ya barin ya taɓa gefe. In ya gama bi ɗaya sai ya koma inuwa ya jira ya bushe ƙarau, sannan ya sake bi. Sau biyu a wuni, in rana ta yi kyau sau uku. Masu ƙore suka yi ta sallama a ƙofar gida, Zalika na ba su haƙuri da baki, tana harararsa ta saman zana. "Yau kuma mota ka aura? To, ta dafa maka tuwo!" Ko kai bai ɗaga ba.

Ran Talata da azahar ya shiga yin salla, Idrisa sarkin gaggawa ya ce bari ya ji ko ya bushe. Ya dangwala babban yatsa. Wayyo! Zanen yatsansa ya zauna daram a tsakiyar layin. Da Mato ya fito ya gani, ya tsuguna yana duban wurin. Idrisa ya fara rantse-rantse, yana cewa a bar shi haka, wa zai lura. Mato ya ɗauki ƙaya ya ƙwaƙule wurin har ƙarfe, tsawon ɗan yatsa, aikin kwana biyu ya tafi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Malam Idrisa, je ka kasuwa ka sha fura. Kada ka dawo sai na aika." Wallahi da wani ne, da unguwa ta ji su.

Ranar Laraba da hantsi ramin ya cika har ya ɗan yi tudu. Nan aikin rani huɗun nan ya yi rana. Ya tankaɗe toka sau uku, ya jiƙa wata tattausar fatar akuya, ya shiga guga a hankali, yana zagayawa, yana shafawa da tafin hannu ido rufe, don ya ce hannu ya fi ido gaskiya a wannan aiki. Tudun ya kwanta, layin ya ɓace. Sai dai wurin ya ɗauki ƙyalli ya fi sauran ƙofar. Ya goge ƙofar duka. Ƙofa ta fi sauran gefen kyau, ya goge gefen. Ya zagaya ya ga ɗaya gefen ya zama kamar na wata motar dabam, ya ce to, bismilla. Kafin rana ta faɗi ya goge motar nan kaf, kafaɗarsa ta dama ba ta ɗaguwa. Zalika da ta leƙo za ta yi magana, ta ga yatsunsa na tsattsafar jini, ta koma ta ɗora masa ruwan zafi. Da sassafen Alhamis ya sa Idrisa ya kai motar rijiya ya dawo sau biyu, ta sha ƙurar hanya, ta koma kamar ba a taɓa ta ba.

Likita ya iso da hantsi, gardi biyu a bayansa da bindigogi. Jama'a ta taru a bakin kasuwa. Ya ce, "Idrisa, ina ɓarnar?"

"Mushe, ga motar nan, ka duba da kanka."

Ya duba ƙofar direba. Ya zagaya ya duba ɗayar. Ya sa hankici ya share ƙura, ya cire tabarau ya mayar, ya tsuguna ya hanga ta gefe. Babu. Ya juya ga jama'a ya ce wa ya ga an yanki motar nan? Mutanen da suka cika bakin rijiya ran nan, yau kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Mato na can baya, ya ɓoye hannunsa cikin riga. Likita ya yi tsaki, ya fara faɗan an taso shi tun daga Tanut a kan zancen kasuwa.

Sai ga Baffa Jibrin ya ratso taron, sanda a kafaɗa, yana tari. Ba wanda ya kira shi. Ya tsaya gaban likita ya ce, "Ni ake nema. Ni na yanke ta, da wuƙar nan."

Gardi ɗaya ya matso. Likita ya ɗaga masa hannu, ya ce, "To, baba, nuna mini inda ka yanka."

Tsoho ya nufi ƙofar kai tsaye, ya ɗora yatsa inda ya san ya fara. Ya ja yatsan ƙasa. Ya tsaya. Ya sake komawa sama, ya shafa da tafin hannu, ya kai fuskarsa har hancinsa na taɓa ƙarfe. Ya koma ɗaya ƙofar ya lalube ta, ya dawo. "Nan ne," yake cewa, "wallahi nan ne. Biyu a tsaye, ɗaya a gicciye."

Wani ya yi dariya a baya, gardin ma suka murmusa. Likita ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Baba, tsufa ne. Mafarki ka yi. Je ka gida ka huta." Ya shiga motarsa, gardi suka hau, suka kama hanyar Tanut.

Jama'a suka watse suna hamdala, Idrisa har da hawaye. Tsoho bai motsa daga jikin ƙofar ba. Can ya juyo, idonsa ya sauka kan Mato, ya dubi hannun da ke ɓoye cikin riga, ya gane. Ya tako har gabansa.

"Kai ne."

Mato ya tsuguna. "Ni ne, Baffa."

"Shekara saba'in ban taɓa faɗin abu aka nema aka rasa ba. Ko a gaban sarki, in na ce na yi, na yi. Yau ka sa an yi mini dariya a kasuwa, an ce mafarki nake yi. Ka mayar da ni maƙaryaci, Mato. Ƙwaryar gidana ba za ta ƙara zuwa hannunka ba."

Kuma bai kawo ba, har ya bar duniya shekara shida bayan haka, a cikin rugarsa, shanunsa na kewaye da shi. In sun haɗu a hanya sai ya kau da kai. Mato bai taɓa kai ƙararsa wurin kowa ba, bai kuma taɓa bari a zagi tsohon a gabansa ba. Amsar da ya ba shi ran nan a tsugune, ita ce iyakar abin da ya taɓa faɗa a kan maganar.

"Na ji, Baffa, kuma na ɗauki laifin. Amma yau a gida za ka kwana."