Awaki Shida a Ramin Gaudencio

A shekarar 1957, cikin watan Nuwamba, Otilia ta fara ganin Gaudencio Sanjuan. Kwananta uku da tarewa a gidan mijinta Tiburcio, a nan San Miguel, bisa duwatsun Mixteca. Tana durƙushe gaban dutsen niƙa sai wani gajeren mutum mai siririn gashin baki ya shigo madafa ba sallama, ya ɗauki tortiya, gurasar masarar garin, daga kan kasko, ya tauna, ya ce farar ƙasar da aka dafa masarar da ita ta yi yawa. Kafin ya gama bayanin laifin ya ci guda biyar. Da ya fita ta tambayi surukarta ko wane ne, aka ce ɗan baffan mijinta ne, ta yi haƙuri, haka Allah ya yi shi.

Gaudencio ɗan Don Anacleto ne, mai ramin gasa nama na garin. Aikin sananne ne: rami mai zurfin ƙugun mutum, duwatsun rafi a ciki, a hura itacen ensino a kansu har su yi fari. Sai a zaunar da tukunyar ɓarzajjiyar masara a ƙasa don ta tare maiƙo, a jera nama a kai cikin ganyen magei, wani tsiro mai faffaɗan ganye, a rufe da tabarma, a binne. Daga nan babu mai leƙawa sai lokacin ci. Don Anacleto da ido yake gane dutsen da ya ƙoshi da wuta. Ɗan nasa ya gaji shebur da suna da yawan magana a bakin rami. Muddin tsohon na zaune kan kututture yana nuni da sanda, nama yana nuna, Gaudencio kuma yana karɓar yabo da hannu biyu. Tsohon ya rasu a 1968.

Kafin wannan lokaci Otilia ta zama uwar girkin gari. A zamanin babu injin niƙa, babu mai sayo miya a kwalba. Wanda zai yi biki sai ya ɗauki kwando da kyandir da burodi da kwalbar giyar meskal, ya je gidanta, ya cire hula, ya roƙa. Idan ta amsa, mata goma sha biyu za su kwana biyu a gaban duwatsun niƙa ƙarƙashin umarninta. Barkono iri huɗu take sa wa miyar mole, da riɗi da cakulan da busasshen burodi, kuma ita kaɗai ke tsayawa kan kasko lokacin gasa barkonon, domin tsakanin gasuwa da ƙonewa bai fi numfashi uku ba. Ba a biyan uwar girki. Abin da take samu shi ne, idan ta yi magana a madafa ko matar shugaban gari sai ta yi shiru. Wannan ya fi mata komai.

A 1969 Tiburcio ya ɗauki nauyin bikin waliyyin gari, na ashirin da tara ga Satumba. Awaki shida ya kiwata shekara biyu saboda ranar. Rami kuwa na Gaudencio ne, ba ma a tattauna ba, don su Otilia ne suka riƙe ɗansa na fari wajen baftisma, sun zama kompadre da komadre, zumuncin da ake girmamawa kamar na jini.

Ensino yana can saman dutse, tafiyar rabin yini, ga taurin sara. Itacen okote kuwa yana nan bayan maƙabarta, gatari biyu ya faɗi, yana ci da wuta bal-bal kamar an zuba masa kananzir, amma ba ya barin garwashi, kuma ƙaronsa yana kama abinci. Yaron goye ma ya san wannan. Da hantsi Otilia ta fito da kwaryar barkonon da za a shafa wa nama, ta ji warin hayaƙin, ta tsaya.

"Kompadre, me ka hura a ramin nan?"

"Itace, komadre. Ko kaza kika ga na hura?"

"Okote ne. Dubi duwatsun, baƙi ƙirin."

"A ƙasa akwai ensino. Ubana ma haka yake yi."

"Ubanka da sanda zai fasa maka kai. Ka ƙara wuta, ko sa'a biyu ce."

"Fadan coci zai ci abinci da la'asar, ba gobe ba. Ki koma wajen tukwanenki, ni ban zo na koya miki juya miya ba."

Nan ta ɗaga murya. Ta kira shi rago, ta kira shi jakin da ya gaji sirdin doki, har da wasu kalmomin da ba a faɗa wa kompadre. Matan da ke madafa sun ji ihun sarai, sai dai ba su ji abin da ya jawo shi ba. Lokaci ya ƙure, ta shafa barkonon, ta jera naman cikin ganyen magei, aka binne.

Da la'asar masu busa suka taru a bakin rami, dattawa suka jeru, Fada da ya zo daga Tlaxiaco a kan alfadari yana gaba. Aka janye ƙasa, aka ɗaga tabarma. Tururin da ya fito ba shi da ƙarfi. Tiburcio ya sa wuƙa a cinya, jini ya biyo ta. Awaki shida, duka haka, ga warin ƙaro.

Gaudencio bai ko yi gumi ba. Ya cire hula, ya riƙe ta a ƙirji, ya dubi dattawa da fuskar mai ta'aziyya.

"Kun dai ji abin da ya faru da safe. Ni na yi nawa. Amma hannun da ya taɓa nama da fushi, to."

Bai ƙara ba, ba ya bukatar ƙarawa. Kowa a garin nan ya tashi da sanin cewa abincin da aka sa wa hannu cikin fushi ba ya nuna. Tamal ma, alalen masarar nan na cikin ganye, idan mai naɗa shi ta yi faɗa, ko ya wuni a wuta rabinsa ɗanye zai fito. Itacen ya riga ya zama toka, ihun kuwa mutum ashirin sun ji shi. Otilia ta juya wajen mijinta. Tiburcio ya sunkuyar da kai ya ce, "Bar shi, Tila. Kompadre ne." Aka tafasa naman a tukwane, mutane suka ci mole suka ture naman gefe.

Shekara goma ba wanda ya sake kawo kyandir ƙofar Otilia. Girki ya koma hannun Doña Serafina, wadda miyarta tsararo ce, mai zaƙi kamar ta masu jinya. Otilia ana kiranta figar talotalo da wanke tukwane, kuma tana zuwa, don a garin nan ba a ƙin aikin biki. Idan ta shigo sai wata ta ce, "Komadre, da wace fuska kika tashi yau? Tamal muke yi fa." A yi dariya. Ita ta ci gaba da figa.

Gaudencio kuwa ya yi tumbi. Matarsa Petrona ce ta riƙa aika 'ya'yansu saman dutse su saro ensino, shi kuma ya riƙa tsayawa a bakin rami yana ba samari labarin shekarar da fushin mace ya hana awaki shida nuna. Wani lokaci awakin su zama takwas. An ba shi aikin kaɗa ƙararrawar coci shekara guda, ba a taɓa yin sujada a kan lokaci ba. An sa shi kwamitin ruwa, aka gama haƙa magudana yana neman hularsa. Duk gidan da ya ji ƙamshi zai shiga, ya ci, ya faɗi abin da ya rage a miyar.

A watan Janairu na 1980 aka sa ranar auren 'yarsa Felicitas. Wata Lahadi bayan an fito daga coci, lokacin da dandali ke cike, aka ga Gaudencio da kwando a hannu. Ya wuce ƙofar Doña Serafina bai tsaya ba. Otilia na tsince wake a tsakar gida ya shigo, ya ajiye kyandir da burodi da kwalba, ya cire hula.

"Komadre, Felicitas za ta yi aure."

"Na ji. Talotalo nawa za a fige?"

"Ba figa ba. Girkin nake roƙo."

Ta ci gaba da tsintar wakenta har sai da ya sauya ƙafa sau biyu.

"Ba ka tsoron fushina? Bai ragu ba, ƙaruwa ya yi."

"Ramin kuwa, Onesimo na San Pedro ne zai yi shi," in ji Gaudencio, idonsa a kan kaji. "Ni bayana ke ciwo."

Bayansa lafiya lau, jiya-jiya an gan shi yana rawa a gidan suna. Kuma tun da aka kafa garin ba a taɓa jin mai rami ya miƙa ramin auren 'yarsa ga baƙo ba. Otilia ta dube shi, ta ga dai mutumin nan ne, matsoraci, wanda ko gaskiya zai faɗa sai ya ɓoye ta a bayan wata ƙaryar. Ta ɗauki kyandir ɗin.

Ranar bikin ta yi faɗan da ba ta taɓa yi ba. Ta zagi masu niƙa, ta zagi mai ɗebo ruwa, ta tsaya a bakin rami hannunta cikin nama tana yi wa uban amarya tas a gaban surukansa, da ƙarfi, yadda har masu busa za su ji. Shi kuwa yana ta jido wa Onesimo ensino a kafaɗa, da bayan nan mai ciwo. Da la'asar aka ɗaga tabarma, tururi ya tashi har ya rufe fuskokin dattawa. Onesimo ya ja ƙashin cinya da yatsa biyu, ya fito fes.

Dattawan suka dubi naman, suka dubi Otilia, sannan suka waiga neman Gaudencio. Yana can bayan rumfa, ya ba jama'a baya, yana jera ragowar itace. Bai taɓa cewa ya yi mata ƙarya ba, har ya mutu a 1994, kuma ita ma ba ta taɓa cewa ta yafe ba. Amma daga ranar bai sake riƙe shebur a bakin rami ba, kuma kafin watan ya ƙare gida uku sun kai kyandir ƙofar Otilia.