Kisan da Bai Shiga Ba

Tsohon da nake magana a kansa ya taɓa riƙe kambun boksin na ajin marasa nauyi, har ƙasar waje aka kai shi ya daki Turawa. Ni ban ga wannan zamanin ba. Abin da na gani dattijo ne ƙanƙani mai karyayyen hanci, ɗan kudancin Kaduna, yana zaune a unguwar Television, yana koya wa samari naushi a wata rumfar kwano a Kakuri. Kowa Baba Koci yake ce masa. Ni a lokacin masaƙa ta sallame mu, na koma tuƙa Napep, rumfarsa ce wurin da nake fakewa idan rana ta yi zafi.

Rumfar ba tasa ba ce. Wani Alhaji mai sayar da siminti ne ya ara masa, kuma ya gaji. A gabana ya gaya masa cewa shekaru yana jin labarin kambu, bai ga yaro ko ɗaya da ya fito daga rumfar nan ya zama wani abu ba. Idan a gasar tantance 'yan wasan jiha ta bana ba a ɗauki yaronsa ba, buhunan siminti za su shiga. Shekarun Baba sun wuce na neman wani wuri.

Ni na kai masa ƙanena. Mahauci ne a Makera, siriri, amma ɗan damben gargajiya ne da ya sha kashe manya. Baba ya ga naushinsa na dama sau ɗaya ya ce ya samu yaron da yake nema. Matsalar ita ce hannun hagu, wanda a dambe garkuwa ne kawai. Baba ya ɗaure masa dama a baya da tsumma, ya sa shi dukan buhun yashi da hagu har fata ta sale. Ya kuma yi ta gaya masa cewa a nan ba kamar dambe ba ne da taɓa ƙasa ke zama kisa, faɗuwa ba ta gama wasa, sai alƙali ya ƙirga goma. Ƙanena ya ce ya ji. Kullum cewa yake ya ji.

Ranar gasar, a wani zauren makaranta a Barnawa, mahautan Makera suka zo da mai kalangu. Baba ya roƙe ni in hana su kiɗa. Na je na yi magana, sarkin tawagarsu ya ce min ni da na bar sana'ar gidanmu na bi masaƙa ba ni da bakin magana a nan. Na dawo. Alhaji yana zaune a kujerar gaba yana danna waya.

Abokin karawar ɗan unguwar Gonin Gora ne, ya fi ƙanena tsawon hannu. Turmin farko ya yi ta caka masa hagu a fuska, gira ta fashe. Da aka tafi hutu Baba ya danna masa auduga.

"Kada ka bi shi," ya ce. "Bar shi ya zo. Idan ya sauke hannu, ka ba shi."

A turmi na biyu ɗan Gonin Gora ya sauke hannu. Ƙanena ya ba shi dama a muƙamuƙi, yaron ya zube a kan gwiwa da hannu. Nan take kalangu ya tashi da takensa, taken da ake yi masa tun yana ƙarami idan ya yi kisa. Na ga ƙanena ya juya baya, ya tofar da robar haƙori, ya ɗaga hannu sama. Baba yana dukan dandamali da tafin hannu yana kiransa. Ni ma na buɗe baki, amma wa zai ji mu? Ƙanena ya ɗaga igiya ya sulale waje, ya dira cikin mahauta.

Ɗan Gonin Gora ya miƙe da ƙyar kafin a gama ƙirge. Iska kaɗai za ta kayar da shi. Alƙali ya duba bai ga abokin karawa ba, ya nuna wa ƙanena ya dawo, shi kuwa yana kan kafaɗun mutane ana liƙa masa kuɗi a goshi. Alƙali ya jira, ya gaji, ya ɗaga hannun wanda ko tsayuwa ba ya iya yi.

Alhaji ya tashi ya kaɗe rigarsa. Da ya zo wucewa ta gaban Baba ya ce, "Koci, motata za ta zo ranar Litinin. A kwashe buhunan yashin."

Sai a waje ƙanena ya gane. Ya zo da gudu, safar hannu ɗaya a cire, yana rantsuwa cewa ya kashe yaron, kowa ya gani. Baba ya kama ɗayan hannun ya kwance masa igiyar a hankali.

"Ka kashe shi, ɗana," ya ce. "Ban taɓa yin irin wannan naushin ba, ko lokacin da nake tashe."

Na ce wa Baba ya hau Napep in kai shi Television. Ya ce a'a, Kakuri zan kai shi, yana so ya sauke buhunan da hannunsa kafin leburorin siminti su yanke masa igiyoyi.