Dattijon da Ya Ɗaga Waya Gaban Jirgin Kwal

A wani dandali na birnin Lyon an fito da irin jirgin ƙasan farko da Faransawa suka ƙera da hannunsu, mai tafiya da kwal da tururi. Raliyatu, 'yar Damagaram mai sayar da atamfa, ta tsaya kallo, amma wani dattijo ne ya ɗauke mata hankali.

Dogo ne siriri, ya ɗora kwat mai kauri a kan farar jallabiya, hularsa ta ɗan karkace. Jama'a na ta ɗaukar hoto, shi kuwa ya ɗaga wayarsa da hannu bibbiyu, yana zagaya jirgin sannu a hankali don kada hoton ya girgiza.

"Yaya, kana gani?" yake cewa da Hausar Zazzau. "Ga kakan jirginku nan. Dubi ɗan tsurut ɗinsa!"

A fuskar wayar dattijon, Raliyatu tana hango wani tsoho kwance, an tokare masa kai da matashi. Tana rayawa a ranta, wataƙila ƙuruciyarsa duk a zuba wa jirgin Kano zuwa Ikko kwal ta ƙare, ƙanen kuma ya taso tun daga Paris don kawai ya nuna masa wannan.

Jirgin ya motsa, tururi ya feso, mutane suka ja da baya. Daga cikin wayar wata murya mai rauni ta ce, tana dariya, "Hayatu, matsa kusa, in ji numfashinsa."

Dattijon ya matsa, tururi na jiƙa masa gemu.