Matar Shugaban Ƙasa a Kunnen Mama

Ni fa 'yar aike ce kawai a maganar nan, amma a kaina ta ƙare.

Yayanmu, ɗan farin Mama, yana aiki a ƙasar waje. Wani abokinsa da ya dawo ya sauke min saƙo a Abuja inda nake aiki, in kai Potiskum, tunda dama zan je bikin 'yar Gwaggo. Ɗan akwati ne kamar na zobe. A ciki kwandala ce ta gwal, an rufe ta ruf cikin wata roba mai ƙarfi da ake hango ciki. A jikinta fuskar wata mata, matar wani tsohon shugaban ƙasar can.

Yaya ya yi min bayani a waya har kunnena ya yi zafi. Wai can haka suke karrama matan shugabanninsu, a buga musu kwandala, kaɗan ake bugawa kuma ba a sakewa. Da ya gani, Mama ce ta faɗo masa a rai, yadda ta riƙe gidan Baba shekara da shekaru ba mai ce mata sannu. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada a buɗe robar. Ko yatsa ya taɓa, darajar ta ragu.

Na ce to ka gaya mata da kanka mana. Ya sauya magana. Ni ma na san dalili. Mama ba ta doguwar magana da shi, kunyar ɗan fari. Ko sunansa ba ta faɗa, "wancan yaron" ne. In ya kira, daga gaisuwa sai ta miƙo min waya ta tafi duba tukunya.

Na iske ta da Gwaggo, ƙanwar Baba da ta zo daga Fika, suna ware kayan biki a tabarma. Na miƙa akwatin, na maimaita bayanin Yaya kaf, har da ƙari.

Gwaggo ta kai abin kusa da ido. "Wace ce wannan? Kai ba ko ɗankwali."

"Matar shugaban ƙasa ce, Gwaggo."

"To mijin nata bai saya mata mayafi ba?"

Mama ta karɓa, ta auna a tafin hannu. "Gwal ne na gaske?"

"Na gaske ne. Amma na ajiya ne, Mama. Ba a buɗewa."

"Ina ramin da ake zura zare?"

"Ba shi da rami. Kallo ake yi."

"A ɗakin da nake sallah zan ajiye fuskar mutum ina kallo?"

Na ce a sa a ƙasan akwatin kayanta, a rufe da zani. Ta ce to. Wannan "to" ɗin na san shi tun ina firamare, amma gajiyar hanya ta sa na yarda.

Washegari aka tura ni Nangere rabon goro da alewar biki. Gida-gida, kowa sai ka zauna ka sha ruwa, a tambaye ka yaushe naka auren. Sai bayan la'asar na dawo. Ina shiga falo na ga robar a kan talabijin, a fashe gida biyu, ga taɓarya jingine a bango.

Ban ko cire takalmi ba na tare keke zuwa wajen maƙerin gwal na bayan kasuwa, wanda duk matan unguwarmu ke kai wa gyara. Na same su a benci, Mama da Gwaggo, suna cin gyaɗa. Maƙerin ya nuna min wani ɗan dunƙule a cikin kasko, kamar ƙwallon dabino. Ba fuska, ba rubutu.

"Mama, me na ce miki jiya?"

"Na ji ki sarai."

"To me ya sa?"

"Ke 'yar nan, abu aka ba ni ko ajiya aka ba ni? In na sa a kunne ranar biki, kowa ya tambaya, Gwaggonki ta ce daga wajen wancan yaron ne. A ƙasan akwati wa zai sani? Kyankyaso?"

Gwaggo ta ce, "Kuma mun rufa wa baiwar Allah asiri."

Ranar biki ta sa 'yan kunnen. Sun yi kyau, ba zan yi ƙarya ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Ta ɗaura ɗankwali can sama yadda kunnen zai fito, tana ta juya kai ko ba a kira ta ba.

Wata a dangi ta tura hoto a zauren gidanmu na waya, ta rubuta Allah ya yi wa Yaya albarka. Ba a jima ba sai ga kiransa. Bai ce a ba shi Mama ba, ba zai taɓa cewa ba. Wai ni ce ban iya bayani ba, ni ce na tafi yawo na bar abu. Na ce ga ta nan kusa, in ba ta? Ya kashe.

Da zan koma Abuja, Mama ta rako ni bakin ƙofa, ta rage murya. Wai in gaya wa wancan yaron ta gode. Kuma in akwai wata matar shugaban da ta fi wannan nauyi, ya duba, saura sarƙa.

Godiyar na isar. Sauran yana nan a wajena, duk wanda ya ga zai iya ya zo ya karɓa.