Sirdin da Na Ce Na Yayan Matata Ne

Likita ne ya ɗora ni a kan keke, ba sha'awa ba. Na je asibiti da wani ciwon kai da ya ƙi jin magani, ya auna jinina, ya sa na hau sikeli, ya dubi sikelin ya dube ni.

Ya ce, "Malam, jikin nan ya yi maka yawa. Ko ka rage shi, ko ya kwantar da kai."

Na ce masa tafiyar ƙafa tana tayar min da ciwon gwiwa. Ya ce to in nemi keke.

A lokacin na haura shekara hamsin, ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a nan Daura. Rabona da keke tun ina saurayi. Babur nake hawa, daga gida zuwa makaranta, daga makaranta zuwa gida, ƙiba kuwa tana ta shigowa a hankali har manyan rigunana suka fara kama ni a ƙirji.

Ranar wata Lahadi na je kasuwar Mai'adua na sayo keke na hannu, irin waɗanda ake shigowa da su ta kan iyaka. Ƙarfensa lafiya lau, tayoyinsa ba su ci ba. Sirdinsa ne kawai siriri, ga tauri kamar ƙotar fartanya. Ban damu ba, don a tsaye na duba shi.

Na riƙa fita da an idar da sallar asuba, kafin gari ya waye sosai, don kada ɗalibaina su gan ni. In bi hanyar Zango in ɗan taɓa tafiya in juyo. Rana ta farko na dawo ina murna. Rana ta uku na kasa zama a kan tabarma. A aji na koma koyarwa a tsaye daga farkon darasi har ƙarshe, a salla kuwa zaman tahiya ya zame min aiki. Matata ta gane ba tare da na faɗa ba. Ta ninke wani tsohon zani ta ɗaure a kan sirdin, amma da na fara taka feda sai zanin ya tattare gefe guda, abin ya ƙara muni.

Ta ce, "Malam, ka je wurin mai gyara mana a canza maka. Ai ba kanka farau ba."

Mai gyaran keken wani dattijo ne da ke zama a gindin darbejiya kusa da bakin kasuwa. Kowa Baba yake ce masa. Abin da ya sa na yi kwana biyu ina jan ƙafa shi ne wurin ba ya rabuwa da majalisa. Kullum akwai mutum biyar ko shida a kan benci suna hira, wasunsu iyayen yaran da nake koyarwa ne. Da na tashi zuwa, sai na bar keken a gida na hau babur.

Muka gaisa. Na ce, "Baba, sirdi nake nema. Mai faɗi, mai taushi."

Bai ɗago daga tayar da yake wa faci ba. Ya ce, "Na wa?"

Amsar kalma ɗaya ce, nawa. Na buɗe baki in faɗe ta, sai na ga idanun mutanen benci a kaina, na ji kamar duk ƙuguna suke kallo.

Na ce, "Na yayan matata ne."

Alhaji, yayan matata, dillalin shanu ne, babu wanda bai san shi ba a unguwarmu, kuma babu wanda ya kai shi girman jiki. Shi ya riƙe matata bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya ba ni aurenta. Shekara ashirin da 'yan kai muna tare, bai taɓa faɗa min maganar da ta ɓata min rai ba. Da ƙanenta ne, da sai a ce wasa ne tsakaninmu. Amma Alhaji suruki ne, a matsayin uba yake gare ni.

Wani daga cikin 'yan majalisar ya ce, "Alhaji? A kan keke?" Aka kwashe da dariya.

A nan ya kamata in yi shiru. Amma dariyar ta yi min daɗi, don ba ni ake wa ba. Sai na ji bakina yana ci gaba. Na ce in ba a sami mai faɗin ba, sai a haɗa sirdi biyu, ko a ciro masa kujerar mota. Na ce ranar da ya fara hawa, keken ma sai da ya yi salati. Mutane suka riƙe ciki, ɗaya har da hawaye. Ni ma na yi dariya, na ji jikina ya saki.

Baba ya ɗan murmusa ya ce ba shi da irin wannan a ƙasa, amma zai haɗa. Ya san girman Alhaji, ba sai an kawo shi ba. In dawo bayan Lahadi.

Ban kai ga komawa ba. Ranar Litinin bayan la'asar aka yi sallama a ƙofar gida, na fito na tarar da Alhaji tsaye da baƙar leda a hannu. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, muka gaisa kamar kullum, ya tambayi yara da aiki. Sannan ya tura min ledar.

Ya ce, "Jiya mai gyaran keke ya tare ni a Mai'adua, ya je sayen kayan aiki. Ya ce sirdina ya kammala. Na ce to, madalla. Yau na biya na karɓo."

Na rasa inda zan sa idona. Na dubi ledar, na dubi ƙafata.

Ya ce, "Na tarar da mutane a wurin. Suna tambayata ko keken ya daina salati."

Ba da faɗa ya yi maganar ba. Da irin muryar da yake ba da labarin kasuwa ya faɗe ta.

"Ban ƙaryata ka ba," in ji shi. "Na ce musu yana nan yana yi."

Matata ta kawo ruwa ta durƙusa ta gaishe shi. Ya sha, ya tambaye ni yaya jinin, ya ce in riƙa shan magani a kan lokaci. Ya dafa bango ya miƙe ya tafi. Na raka shi bakin hanya na ce a gaida gida.

Da na shigo na gane ta ji duk abin da aka faɗa. Ta gama kwashe tuwo. Ta ajiye min kwano ta ce, "Duk garin nan ka rasa wanda za ka ɓuya a bayansa sai Yaya?" Ta koma madafi. Ban iya cin tuwon ba.

Sirdin kuwa Baba ya yi masa aiki. Faɗinsa ya kusa kai faifai, ya cika shi da soso ya rufe da baƙar fata. Washegari na ɗaura shi na fita. Da na fara zama sai na ji kamar a kan katifa nake. Ban yi nisa ba na gane akwai matsala. Gefunansa suna gugar cinyoyina duk lokacin da na taka, soson kuma ya lotsa, nauyina ya koma tsakiya, inda bai kamata ba. Na daure mako guda. Fatar cinyata ta saɓule, na koma tafiya ƙafa a buɗe. Sirdin da aka haɗa da girman wani ba zai yi min ba.

Na yi tunanin in jingine keken in manta da shi. Na yi tunanin in tafi Kazaure inda ba a san ni ba. Amma kullum na wuce gindin darbejiyar nan a kan babur, sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Malam, yaya keken Alhaji?" Na gane muddin ban gyara maganar ba, haka za a yi ta jan ta.

Ranar Asabar da hantsi na tura keken da hannu har wurin. Benci a cike. Na yi sallama, na jingine shi, na tsaya.

Na ce, "Baba, sirdin nan nawa ne. Keken ma nawa ne. Alhaji bai taɓa hawansa ba, bai ma taɓa ganinsa ba. Duk abin da na faɗa ranar nan ƙarya na yi, kunya ce ta sa ni."

Wanda ya fi kowa dariya ranar ya duƙa yana gyara takalminsa. Wani ya ce, "Ashsha." Ban san ko ni yake wa ba ko Alhaji.

Baba ya goge hannunsa da tsumma, ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Da ka faɗa tun farko, da ban ɓata soso ba. Zo nan."

Ya yago wani kwali mai kauri ya ɗora a ƙarshen benci, ya sa mutane suka matsa. Ya ce in zauna a kai, in ɗan sunkuya gaba kamar na riƙe kan keke, in ɗaga ƙafafuna daga ƙasa. Na yi hakan, ni malami mai furfura, a gaban iyayen ɗalibaina, ƙafafu a sama. Ya ce in tashi. A jikin kwalin ga wurare biyu da suka lotsa. Ya karyo tsinke ya auna tsakaninsu, ya ɗaga min in gani.

Ya ce, "Ka ga? Ba nama ke zama a kan sirdi ba, Malam, ƙashi ne. Naka ba shi da faɗin da kake zato. In sirdi ya ɗan fi wannan tsinken faɗi, ya isa. In ya wuce haka, cinya za ta sha wuya. Taushi kuma yaudara ne, na minti biyar ne kawai."

Ya shiga tona wani buhu, yana fito da tsofaffin sirada yana gwada tsinken a kansu. Ya zaɓi wani matsakaici mai ɗan tauri, da sifirin biyu na murɗaɗɗen ƙarfe a ƙasa da ɗan kwari a tsakiya. Ya ɗaura shi, ya daidaita bakinsa don kada ya ɗaga sama, ya sa na tsaya kusa da keken ya gyara tsayinsa daidai ƙuguna. Ya ɗan ɗaga kan keken don kada in riƙa kifewa gaba. Sannan ya ce in zagaya bishiyar sau uku.

Na zagaya. Babu wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da na fi samun sauƙi. Sirdin ya yi daidai. Baba ya ce kwana goma na farko zan ɗan ji shi, bayan nan zan manta da shi. Haka kuwa aka yi.

Daga wurin ban koma gida ba, gidan Alhaji na nufa. Na same shi a bayan gida yana zuba wa raguna dusa. Na durƙusa na ce na zo neman gafara, na gaya masa na je na faɗa wa mutanen gaskiya.

Ya ci gaba da zuba dusar har ta ƙare. Ya kaɗe kwanon, sannan ya ce, "Malam, tun ina saurayi ake min dariyar jiki. A kasuwar shanu ana yi, a mota ana yi. Na saba. Ban dai zaci daga gidan ƙanwata za ta fito ba." Ya ajiye kwanon. "Na yafe. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Tashi, kada ka ɓata wandonka."

Yanzu da keken nake zuwa makaranta, bayan gari ya waye sarai, yara suna gaishe ni a hanya. Jinin ya sauka, rigunana sun ɗan saki. Ni da Alhaji muna gaisawa kamar da, bai taɓa tayar da maganar ba, matata ma ta bar ta.

Bayan 'yan watanni aka yi suna a gidan wani ɗan'uwansu, aka jera kujerun roba a ƙofar gida. Ina zaune Alhaji ya iso. Mai gidan ya yi sauri ya jawo masa kujera. Alhaji ya dafa bayanta zai zauna, sai idonsa ya faɗa kaina. Ya ɗan tsaya, ya dubi siraran ƙafafun kujerar. Ya saki kujerar ya ce ya fi son ƙasa, ya wuce can gefe ya zauna a kan tabarma tare da tsofaffi.